Haƙƙin mazan jiya: wa zai ɗauki takardar daga Dakwaro zuwa Yamai?

Duk wanda ya tashi a ƙasar Dakwaro, ko a Kornaka ne ko a Birnin Lalle, da wuya ya rasa sanin wani gida da ake yi wa laƙabi da gidan tsohon soja. A irin wannan gida akwai akwatin ƙarfe da ba a buɗe shi sai da dalili. In an buɗe, za a tarar da littafin soja wanda gefensa ya cinye, da lambar girma ɗaya ko biyu a naɗe cikin tsumma, da hoton wani saurayi sanye da jar dara. Mai akwatin galibi ya riga mu gidan gaskiya. Abin da ya saura shi ne tsohuwar da ya bari, da jikoki, da takardu cikin Faransanci waɗanda babu mai iya karanta su a gidan.

A cikin waɗannan takardu akwai haƙƙi, wato kuɗin da doka ta ce na tsohon ne ko na matarsa. Sai dai haƙƙin da ke kwance a akwati ba ya sayen ko tiya guda ta hatsi. Dole sai wani ya ɗauke shi, ya kai shi ofishin da ya dace, ya kuma yi ta bibiya har a biya. A tarihin mazan jiya na ƙasashenmu, sau da yawa wanda ya yi wannan ɗawainiya wakili ne da jama'a suka zaɓa. Wannan shi ya sa muka ga ya dace mu waiwayi tarihin, domin mu auna abin da ake kira aikin alheri na ɗan majalisa, mu kuma tambayi kanmu wa zai yi aikin a yau.

Asalin bashin

A shekara ta 1857 ne Gwamna Faidherbe ya kafa rundunar baƙaƙen sojoji a Senegal, wadda aka yi ta kira da sunan ƙasar, alhali kuwa a cikinta akwai Bambara da Mosi da Zabarmawa da Hausawa. A yaƙin duniya na farko Faransa ta kwashi kimanin mutum dubu 200 daga yankunan baƙar fata da take mulka a Afirka, kuma wajen dubu 30 ba su dawo ba. A 1918, da mutane suka soma gudu daga masu ɗaukar soja, gwamnatin Faransa ta nemi taimakon Blaise Diagne, baƙar fata na farko daga Afirka da aka zaɓa a majalisar dokokinta tun 1914. Ya zagaya ƙasashe yana yi wa jama'a alkawarin sassaucin haraji, da aikin gwamnati bayan dawowa, da sauƙin zama ɗan ƙasar Faransa. Cikin watanni ƙalilan ya tara kimanin mutum dubu 63 a Afirka ta Yamma. Kaɗan daga cikin alkawuran aka cika. Ashe ke nan da bakin wakilin jama'a aka ci bashin tun farko.

Daga 1919 ɗaukar soja ta zama tilas, shekara uku ga duk wanda ƙuri'a ta faɗa a kansa, kuma sarakuna ke gabatar da samari a gaban kumandan. Haka aka yi ta yi tun kafin a kafa barikin Dakwaro a shekarun 1940. Ƴaƴan Afirka sun yi yaƙi a Faransa a 1940, sun kuma sauka a gaɓar kudancinta ranar 15 ga Agustan 1944, suka taimaka wajen ƙwato Toulon da Marseille daga hannun Jamus. Da sanyi ya gabato sai aka janye dubbansu daga fagen fama aka maye gurbinsu da Turawa, don haka da yawansu ba su ga ranar nasara da makami a hannu ba.

Ranar 1 ga Disamban 1944, a sansanin Tiyaroy kusa da Dakar, wasu sojojin da suka fito daga kurkukun Jamus suka nemi a biya su albashinsu da ya taru kafin a sallame su. Aka buɗe musu wuta. Hukumomin lokacin sun ce mutum 35 suka mutu, masana tarihi da dama kuwa suna maganar ɗaruruwa. An yanke wa mutum 34 hukunci a 1945, kuma lauyan da ya tsaya musu shi ne Lamine Guèye, wanda aka zaɓa ɗan majalisa a ƙarshen wannan shekara. A 1947 aka sake su. Sai a 2024, bayan shekara 80, shugaban Faransa ya yarda a rubuce cewa kisan kiyashi aka yi.

Bayan haka yaƙi bai ƙare wa samarinmu ba. An kai su Indoshin, an kai su Aljeriya. Janar Seyni Kunce da kansa ya yi aiki a waɗannan wurare biyu a ƙarƙashin tutar Faransa, kafin a kafa rundunar sojojin Nijar ranar 1 ga Agustan 1961.

Fanshon da aka daskarar

Ana gab da ba ƙasashenmu mulkin kai, sai majalisar Faransa ta saka wata aya, ta 71, cikin dokar kasafin kuɗi ta 26 ga Disamban 1959. Ayar ta ce duk tsohon sojan da ƙasarsa ta samu ƴanci, fanshonsa zai tsaya cik a yadda yake, ba zai riƙa hawa tare da na Faransawa ba. Wannan ne aka kira daskarewar fansho. Mutum biyu sun kwana a rami guda, harsashi bai tambayi kowa takardar ƙasa ba, amma ranar biya sai ta raba su, kuma kowace shekara ratar ƙara faɗi take yi.

Waɗanda suka yi ƙarar wannan doka tsofaffi ne, da yawansu ba su ga ƙarshen shari'ar ba. A 1989 kwamitin kare haƙƙin ɗan Adam na Majalisar Ɗinkin Duniya ya ba tsoffin sojojin Senegal 743 gaskiya, Faransa ta yi kunnen uwar shegu. Wani saje mai suna Amadu Diop, wanda ya yi aiki daga 1937 zuwa 1959, yana karɓar kusan kashi ɗaya cikin uku na abin da ake ba Bafaranshe mai muƙami irin nasa. Ya kai ƙara. Babbar kotun al'amuran mulki ta Faransa ta ba shi gaskiya ranar 30 ga Nuwamban 2001, shekara biyar bayan rasuwarsa. A 2002 aka ɗan ƙara kuɗin gwargwadon tsadar rayuwa a kowace ƙasa. A 2007, zamanin Jacques Chirac, aka daidaita kuɗin shaidar yaƙi da na naƙasa. Sai da kotun tsarin mulki ta soke dokar ranar 28 ga Mayun 2010 sannan aka daidaita fanshon aiki daga farkon 2011.

A nan ne gizo ke saƙar. Wani ɓangare na ƙarin ba ya zuwa da kansa: sai mai haƙƙi ya rubuta takardar nema, cikin wa'adin ƴan shekaru, tare da shaidu. Tsohon da ke zaune a Paris ko a Dakar zai ji labari a rediyo, ya samu mai rubuta masa. Tsohuwar da ke wani ƙauye a kwarin Tarka fa, wa zai gaya mata?

Aikin kansila guda

A garin Bondy, a gefen birnin Paris, an yi wata kansila mai suna Aïssata Seck, jikar tsohon soja ce daga Senegal, wadda aka ɗora wa kula da sha'anin mazan jiya a majalisar garin. Ta tarar da wasu tsofaffi, waɗanda suka yi yaƙin Indoshin da na Aljeriya, suna zaune a ƙananan ɗakunan gidajen baƙi, nesa da iyalansu. Abin da ya ɗaure su shi ne wata ƙa'ida: in mutum bai zauna a Faransa aƙalla wata shida a shekara ba, za a yanke masa tallafin tsofaffi. Sun kuma yi ta neman takardar zama ɗan ƙasa ana maido su, saboda ana tambayarsu takardun haihuwa na iyaye da kakanni, abin da babu shi a zamanin da aka haife su.

Wannan baiwar Allah ba minista ba ce, ba ta kuma da asusun rabo. Ta zauna da tsofaffin ɗaya bayan ɗaya, ta tattara takardunsu, ta raka su ofisoshi. A ƙarshen 2016 ta fitar da takardar koke wadda sama da mutum dubu 60 suka sa wa hannu. Ranar 15 ga Afrilun 2017 shugaba François Hollande ya ba 28 daga cikin tsoffin sojojin takardar zama ƴan ƙasa a fadarsa. Ba ta tsaya nan ba. A watan Janairun 2023 gwamnati ta ɗage musu ƙa'idar wata shida, kuma a watan Afrilun wannan shekara tara daga cikinsu suka koma Senegal domin su ƙarasa kwanakinsu cikin jikokinsu, kuɗinsu na biye da su.

Abin lura a wannan labari shi ne matakan da ta bi. Ta soma da sanin mutanen da sunansu da damuwar kowa. Daga nan ta gane cewa matsalarsu guda ce, kuma tushenta wata ƙa'ida ce a rubuce. Sa'an nan ta yi amfani da kujerarta har aka canza ƙa'idar. Wakili ba ya bukatar dukiya kafin ya bi waɗannan matakai uku. Abin da yake bukata shi ne haƙuri da sanin doka.

Nisan Dakwaro

Gundumar Dakwaro na da ƙananan hukumomi 12 tun bayan da aka cire Bermo daga cikinta a 2011, kuma ƙidayar 2012 ta samu fiye da mutum dubu 600 a cikinta. Daga garin zuwa Maraɗi kimanin kilomita 120 ne, daga Maraɗi zuwa Yamai kuma sama da 600. Wanda ke Azagor ko Tagiris sai ya fara da neman motar da za ta kai shi Dakwaro ranar kasuwa. Duk wata takarda da ta ɓace, duk wani sa hannu da ya rage, tafiya ce sabuwa da kuɗin mota da na masauki. Sau da yawa iyali kan lissafa abin da za su kashe da abin da suke fatan samu, su rufe akwatin su bar wa Allah.

Akwai abubuwa uku da ke tsayar da takardun mazan jiya a karkara, kuma ma'aikatan gwamnati da ke karanta wannan shafi sun san su sarai. Na farko shi ne suna. Magatakardan bariki ya rubuta sunan saurayi yadda kunnensa ya ji, ya kuma ƙiyasta masa shekarar haihuwa da ido, don haka sunan da ke littafin soja ba ya dacewa da na katin ɗan ƙasa. Na biyu shi ne aure. An ɗaura shi a gaban malamai da shaidu, sahihi ne a addini da al'ada, amma ba a rubuta shi a ofishin magajin gari ba, kuma ofishin fansho takarda yake karantawa. Na uku shi ne mutuwa da ba a kai rahotonta ba. Maganin waɗannan duka yana hannun alƙali, wanda ke iya yanke hukuncin da zai maye gurbin takardar da babu, in an kawo masa shaidu. Amma shaidun ma tsufa suke yi.

Ya kamata iyalai su san bambancin kuɗaɗen da Faransa ke biya, domin jahiltarsa ta sa wasu sun yi asarar tafiya, wasu kuma sun bar nasu. Kuɗin shaidar yaƙi na mutum ne shi kaɗai, da ya rasu ya ƙare. Fanshon aiki kuwa, wanda a ƙa'idar wancan zamani ake samu bayan shekara 15 cikin kaki, rabinsa na komawa ga matar mamaci, in matan da yawa su raba. Wanda littafinsa ya ɓace ko gara ta ci, ba a nan magana ta ƙare ba, domin ana ajiye da bayanan aikin sojojin Afirka a ma'adanar soja ta garin Pau a Faransa. Sojojin Faransa sun bar Nijar a watan Disamban 2023, ofishin jakadancinta na Yamai ya rufe a farkon 2024, amma bashin fansho doka ce ta kafa shi, kuma saɓanin gwamnatoci ba ya shafe haƙƙin gwauruwa.

Kada kuma a ɗauka kuɗin na mutum guda ne. A ƙasar da damina ke yaudara, inda aka ga farin 1973, da yunwar 1984 da ake kira El-Buhari, da ta 2005, gidan da ke da kuɗin da ke shigowa a kan lokaci shi ne rumbun dangi. Ɗan kasuwa ma ya san cewa mai fansho shi ne wanda ake ba bashi ba tare da fargaba ba.

Buhun shinkafa da ayar doka

Tun bayan babban taron ƙasa na 1991 da zaɓen ƴan majalisa na watan Fabrairun 1993, mutanenmu suka saba da auna ɗan majalisa, wato depite, da abin da hannunsa ya miƙa. Ƙofar gidansa ba ta rabuwa da mai takardar magani, da mai suna, da wakilan ƙauyen da rijiyarsu ta rufta. Ba za mu raina wannan ba. Mai jin yunwa ba a ce masa ya jira zaman majalisa, kuma wakilin da ya gina aji ko ya sayi motar ɗaukar marasa lafiya ya yi abin a gode masa.

Sai dai buhun shinkafar da aka raba wa mazan jiya ranar bikin ƙasa, a gaban masu ɗaukar hoto, mako biyu yake yi ya ƙare, kuma duk mai hali zai iya bayar da shi ko ba a zaɓe shi ba. Abin da kujera ta ba ɗan majalisa, wanda attajiri ba shi da shi, abu uku ne da tsarin mulki ya zayyana: yin doka, amincewa da kasafin kuɗi, da binciken aikin gwamnati. Shi ke iya kiran ministan tsaro ya amsa tambaya a bainar jama'a a kan takardun da suka kwana a ofis. Shi ke iya tsayawa a kan layin kasafin da ya shafi ofishin tsoffin sojoji na ƙasa. Haka nan kansila da magajin gari, tun zaɓen ƙananan hukumomi na 24 ga Yulin 2004, su ne suka riƙe rajistar haihuwa da aure da mutuwa har zuwa 2024, wato ainihin makullin akwatin da muka fara da shi. Kowa ya ci ladan kuturu sai ya yi masa aski, kuma askin wakili shi ne wannan.

Sabbin akwatuna

Mazan jiyan zamanin Faransa sun kusa ƙarewa, amma akwatunan ƙarfe ba su daina ƙaruwa ba. Sojojinmu sun je Saudiyya lokacin yaƙin Tekun Fasha a 1990 da 1991, sun yi aikin kiyaye zaman lafiya a Kodebuwa da Mali. Daga 2015 kuma yaƙi ya iso gida, a Difa da Tilaberi da Tawa. A Inates, ranar 10 ga Disamban 2019, sojoji 71 suka kwanta dama. Wata guda bayan haka, ranar 9 ga Janairun 2020, wasu 89 suka bi su a Shinagodar. An yi zaman makoki na kwana uku, an sassauto da tuta. Bayan kowane suna akwai uwa, sau da yawa akwai mace mai ƙuruciya da yara ƙanana, kuma da yawansu a ƙauyuka suke, nesa da barikin da aka rubuta sunan mamacin.

Waɗannan bashinsu ba a kan wata ƙasar waje yake ba, a kanmu yake. Fanshonsu daga baitulmalin Nijar zai fito, kuma tun ƙarshen 2023 ƴan kasuwa da ma'aikata da duk mai sayen katin waya suna zuba kuɗi a asusun haɗin kai na ceton ƙasa. Wanda ya biya yana da damar ya tambayi yadda iyalan mamata suke ciki. Abin kunya ne a ce mun shafe shekara 50 muna zargin Faransa da jinkiri, sa'an nan gwauruwar sojanmu ta tarar da irin wannan jinkiri a ofisoshinmu, saboda takardar aure da ba a rubuta ba ko harafi guda da ya bambanta a suna.

Kujerar babu kowa, aikin yana nan

Majalisar dokoki ta rushe bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, a watan Afrilun 2024 kuma aka rusa majalisun ƙananan hukumomi aka naɗa kantomomi. Majalisar shawara da aka kafa a 2025 naɗa membobinta aka yi. Don haka wakilin da jama'a suka zaɓa, wanda za a iya tsarewa a ƙofar gidansa a tuna masa ƙuri'a, babu shi a wannan tsari. Amma tsufa ba ya jiran zaɓe, shaidun aure ma haka.

Matakin farko na aikin kansilar Bondy ba ya bukatar majalisa. Kantoma da sarakunan gargajiya na iya sa masu gari su kawo sunan kowane tsohon soja da kowace gwauruwar soja a ƙasarsu, a rubuta a rajista guda. Ana iya roƙon alƙali ya fita zaman shari'a na ƙauye-ƙauye, kamar yadda ake yi wa yaran lakwal marasa takardar haihuwa, ya keɓe rana guda domin auren da ba a rubuta ba. Tun da kundin sake gina ƙasa na watan Maris 2025 ya ayyana Hausa harshen ƙasa, babu hujjar da za ta hana a fassara ƙa'idojin fansho a karanta su a gidajen rediyon karkara. Malamin makaranta ko ma'aikacin da ya yi ritaya zai iya ba da yammaci guda a mako ya karanta wa maƙwabta takardunsu. Ɗan kasuwar da motarsa ke zuwa Maraɗi kullum zai iya ɗaukar tsohuwa guda da ambulan ɗinta ba tare da ya karɓi dala ba.

Ranar da aka sake buɗe rumfunan zaɓe, masu neman kujerar Dakwaro za su zo da goro da atamfa kamar yadda aka saba. A karɓa a gode. Sa'an nan a tambayi kowannensu ko ya san yawan iyalan mazan jiya da ke yankin da yake so ya wakilta, da takardar da ta tsayar da kowa, da ofishin da zai fara ƙwanƙwasawa. Wanda ya iya amsawa, shi ne ya buɗe akwatin ya karanta.

Allah ya jiƙan mazan jiya da suka rigaye mu, ya ba iyalansu haƙuri da haƙƙinsu, ya kuma zaunar da ƙasarmu lafiya.